Jakar Yaya Attahiru da Baƙon da Muka Manta a Gidan Yari

Da kakar albasar bana Yaya Attahiru ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in tara 'ya'yansa a gidanmu na Aliero ba, mu yi masa addu'a, a raba masa sadakar gumba, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa kawo wa raina zan rubuta komai a kansa a jarida ba. Shi kansa da yana nan dariya zai yi mini, ya ce tsohon malamin firamare ya rasa 'yan ajin da zai dama, ya koma damun masu karatun jarida.

Bana dole ta sa. Wata huɗu ke nan da na gano cewa adadin shekarun da wana ya yi a kabari, su ne adadin da wani bawan Allah mai suna Hamidu ya yi a gidan yari ba tare da an yanke masa hukunci ba. Takardar da za ta fitar da shi kuwa tana rataye a gidanmu duk tsawon lokacin nan, a saman ƙofar da nake wucewa ta gabanta kullum. Har yau idan na tuna, ko me nake ci sai in ajiye shi.

Bari in fara da shi Yayan, don wanda bai san shi ba. Masinjan kotu ya fara, daga baya da aka lura bakinsa na juya Fillanci da Zabarmanci da Turanci ban da Hausar gado, aka mai da shi tafinta. Da ya ajiye aiki kowa ya ɗauka zai koma gonarsa ta Kashin Zama ya huta. Ina! Sai ya sayi wani tsohon babur mai tari, ya rataya jakar fata a kafaɗa, ya shiga zagayen ofisoshin 'yan sanda da gidan yari yana tambayar wane ne a nan ba shi da kowa. Mahautan Jega suka laƙaba masa lauya marar hular gashi, sunan kuma ya bi shi har ya fi na yanka. Ni ma ban bar shi ba. Nakan ce masa lauyoyin gaske na shiga mota mai sanyi, shi ko taya ta gagare shi sauyawa. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Bello, mai hali lauya ka yi mai magana, talakka danginai ka yi mai kuka. Baƙo fa, wa ya aje?"

A wannan zagayen ya tsinci Hamidu. Mutumin Dendi ne, daga wani ƙauye a tsallaken iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Amalanke ya faɗo masa a hannu, aka ce masa in yana son hannun ya sake riƙe fartanya ya tafi Aliero, don ko a ƙasarsu an san garinmu da ɗori. Ya zo, aka ɗora, ya yi wata biyu a gidan mai ɗorin har ƙashi ya kama. Ranar komawarsa ta dace da kasuwar Jega. Yana jiran mota ta cika, sai ya leƙa kara don kallon dabbobi, kamar yadda kowane manomi zai yi. Can wani mutum ya miƙa masa igiyar wani sa, ya nuna masa masallaci da hannu, ya wuce.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan. Ba a ƙin riƙe wa mai zuwa salla igiya. Ko ba ka san shi ba, ko ba ku jin yaren juna, ka karɓa ka tsaya har ya dawo. Hamidu ya karɓa ya tsaya. Mai salla bai dawo ba. Waɗanda suka zo su ne mutanen wajen Kimba da suka kwana uku suna cigiyar sansu, suka same shi a hannun baƙon da ba ya iya haɗa jimla biyu da Hausa. Da ba don wasu dattawan dillalai sun shiga tsakani ba, da hannun da aka ɗora ya koma gidan jiya. A wurin 'yan sanda aka tambaye shi daga ina, ya faɗi garin da ya kwana, aka rubuta Hamidu Aliero. Daga ranar ya zama ɗan gida a takarda, babu wanda ya ga dalilin aika wa wata ƙasa labari. Baƙo ko da ido makaho ne, balle wanda aka rufe wa baki.

Wata biyar Yaya ya yi yana bin maganar. Ya kai mai ɗorin gaban alƙali ya shaida cewa a kwanakin da aka saci san, Hamidu yana kwance a zaurensa da kararen ɗori a hannu. Alƙali ya yarda ya ba da beli, da sharaɗin a kawo mai tsaya masa wanda ke da ƙasa a yankin. Wa zai jingina gonarsa saboda baƙon da bai san asalinsa ba? Ban san yadda aka yi ba a lokacin, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, wata Juma'a bayan an sauko masallaci muna cin abinci a zaure, Yaya ya suɗe hannu ya ce, "Na ƙare da zancen mutumin Dendin ga. Litinin shi ka fita." Haka ya faɗa wa mai ɗorin, haka ya faɗa wa duk wanda ya tambaya.

Washegari Asabar ya tafi Maiyama gaisuwar rasuwa. A hanyar dawowa motar kaya ta ture shi. Kafin la'asar an kawo mana shi, da hularsa, da jakar.

To, a nan ne namu laifin ya fara, kuma sai na bayyana shi dalla-dalla don kada a ɗauka sakaci ne irin na kowa. Yaya ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna, mahaifiyarmu, ta kira sunansa ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta amsa gaisuwarsa sai a taƙaice, in ya kawo mata tsaraba ni take ba in ajiye. Alkunya ce, kowa ya sani, shi ma ya sani. Ranar da aka fita da shi ko hawaye ba ta yi a gaban mutane ba. Amma da aka watse, sai ta ɗauki jakar nan da hannunta, ta taka turmi, tsohuwa mai shekara kusan tamanin, ta rataye ta a ƙusa saman ƙofar ɗakinta. Ta juyo ta ce mana, "Jikkar yaron ga akwai rubutu ciki. Kar ta taɓa ƙasa, kar kowa ya taɓa ta." Shekara sittin da wani abu tana ɓoye son ɗanta, ranar nan kaɗai ta bari muka gani. Babu wanda ke da zuciyar da zai ce mata a sauko a duba.

Wannan uzuri ne na shekara huɗu, don a shekara ta huɗu Inna ta bi shi. Sauran bakwai ɗin nawa ne ni kaɗai. Lokacin rabon gado an nemi takardar gonar Kashin Zama an rasa, ni kuma nake noma wani ɓangare nata tun yana raye. Raɗe-raɗi ya fara tashi daga dangin matarsa cewa ƙila Bello ya san inda take. Sai na rantse a raina ba za a taɓa ganin hannuna a cikin jakar nan ba, kada a ce ga shi can yana laluben takardar gonar marayu. 'Ya'yansa su ma suka ƙi taɓawa, kada a ce ba su yarda da baffansu ba. Dattawa suka raba gonar da shaidar maƙwabta, rigima ta mutu, jaka ta zauna. Ina kare mutuncina, suna kare nasu, muna ta yaba wa junanmu da kawaici. Zancen Hamidu kuwa ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Ai Attahiru ya ce ya ƙare. A garin nan idan Attahiru ya ce abu ya ƙare, ba a sake bincike.

Da sanyin bana ina rumfar da muke tsince albasa, sai ga mai ɗorin nan, ya tsufa yana dogara sanda, tare da baƙi biyu. Ɗaya budurwa ce lauya, 'yar jihar nan, ta ce sunanta Nafisa. Ɗayan lauya ne daga can ƙetaren iyaka, yana jin Faransanci da yaren Dendi. Ta yi mini bayani cewa akwai wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin masu ba da taimakon shari'a kyauta na ƙasarmu da na maƙwabta, da goyon bayan wasu ƙasashen duniya, don talaka da baƙo su sami mai tsaya musu a gaban alƙali kamar kowa. Daga cikin aikinsu, su can suna tattara sunayen waɗanda suka ƙetaro suka ɓace, su nan suna bin gidajen yari suna duba masu jiran shari'a, sai a gwama. Wata yarinya ce ta kai sunan ubanta. Tana 'yar shekara biyar ya tafi Aliero ɗori, bai dawo ba, uwarta kuma ta ƙi yin takaba don ba ta ga gawa ba.

Na ce mata, "Ai wannan an sake shi tun tuni. Wana da kansa ya ƙare zancen."

Ta dube ni, ta dubi mai ɗorin, sannan ta ce, "Baba, shekaranjiya na gan shi da idona. Yana ciki."

Na zauna a kan buhu. Na tambaye ta sau uku ko dai wani Hamidun ne. Ta ce shi ne, hannun hagu da ɗan karkata. Ta ce matsalar ita ce babu fayil. An sauya alƙali, an sauya magatakarda, an tashi daga tsohon gini, takardunsa sun bi ruwa. A littafin gidan yari babu komai sai suna da ranar shiga. Duk lokacin da aka zo rage cunkoso, da fayil ake kiran mutum, wanda ba shi da fayil ba a san ta inda za a kama ba. Ko lambar ƙarar kaɗai suka samu, in ji ta, za su iya tsayawa gaban babbar kotu. Shi ya sa suka zo, ko marigayi ya bar wata takarda.

Da ƙafata na kai su gida. Na taka turmin nan dai da Inna ta taka. Jakar ta yi ƙura, fatar ta bushe har maɓallin ya ƙi buɗuwa sai da wuƙa. Abin da ke sama shi ne takardar beli, da hatimin kotu, da lambar ƙara, da sa hannun Yaya a gurbin mai tsayawa. An manne mata wasiƙar mai gari. A bayanta, da allura ɗaya, takardar gonar Kashin Zama. Ashe gonarsa ya jingina. Takardar da na ƙi buɗe jaka don kada a ce ina nemanta, tana nan tana jiran a kai ta kotu ta fanshi mutum. A ƙasa kuma akwai 'yar wasiƙa da ajami zuwa ga matar Hamidu, da sunan ƙauyensu a baya, wadda na tabbata direbobin albasa masu zuwa can ya yi niyyar ba.

Na yi kwanaki ina zagin hukuma. Na ce wace irin shari'a ce za a ajiye ɗan Adam shekara goma sha ɗaya babu mai tambayar me ya yi? Har yanzu ina kan wannan, ban janye ba. Nafisa ta gaya mini ko da an same shi da laifin, da tuni ya gama zamansa ya manta. Mai san da aka sace ya karɓi abinsa a makon da aka kama shi, ya sayar, shi ma ya daɗe da rasuwa. Babu mai ƙara, babu shaida, babu fayil, sai mutum yana ta tsufa. Kuma ta ce ba shi kaɗai ba ne, a nan da can duka, akwai namu ma da ke zaune a gidajen yarin maƙwabta ba su jin abin da ake faɗa a kansu. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni da na koyar da yara karatu shekara talatin, minti biyu ya ishe ni in karanta takardar nan.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Na san zai fara da tsiya. Zai ce wato sai da aka tara ƙasashe, aka zauna a manyan otal aka sha ruwan gora, kafin a gano abin da yake yi da babur ɗaya. Zai yi mamakin wayar da Nafisa ke riƙe da ita, wadda a gabana ta ɗauki hoton takardar ta aika birni, kafin mu gama gaisawa an amsa. Shi da yake kwana biyu a hanya don ya karɓo sa hannu ɗaya. Amma idan ya gama tsiyar, na yi imani zai amsa gaskiya, don ya fi kowa sanin inda aikinsa ke yoyo. Shi kaɗai ne. Komai yana kansa da jakarsa, bai da mataimaki, bai da ofis, bai da wanda zai buɗe littafi ran Litinin ya ga abin da ya rage. Ranar da mota ta ture shi, ta ture duk wanda ke rataye da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun na mutumin kirki ne. Yaran nan sun fi shi da abu guda: in ɗaya ya faɗi a Jega, akwai wani a tsallaken iyaka da ke riƙe da sunan.

Zaman kotun bai kai tsawon shan shayi ba. Alƙali ya duba takardar, ya tambayi lauyan gwamnati ko yana da abin cewa, ya ce babu, aka sallami Hamidu. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiransa, ban san fuskarsa ba sai da aka nuna mini. Furfura ta cinye masa kai, ga shi bai kai hamsin ba. Abin da ya ƙara girgiza ni shi ne Hausarsa. Hausar da rashinta ya kai shi ciki, a ciki ya koye ta, tsaf irin tamu, har da karin harshen mutanen Jega.

Aka ce masa ga ƙanen Malam Attahiru. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, ina shi? Ya ce mini Litinin."

Babu wanda ya gaya masa. Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya gaya masa. Na ce Allah ya yi masa rasuwa kwana biyu kafin Litinin ɗin. Ya saki hannuna, ya yi salati. Sannan ya faɗi maganar da ba zan manta ba har in mutu: "Alhamdu lillahi. Ashe mutuwa ya yi. 'Yan ɗakinmu sun ce mini ƙarya ya yi min, ni ko na ce mutumin ga ba ya ƙarya." Ya ɗaga hannu ya yi mini ta'aziyya, ni, yana ba ni haƙurin rashin da na yi.

Ya roƙa a kai shi kabarin kafin ya wuce. Muka je da hantsi, mu biyu. Lauyoyin ba su gaya masa inda aka samo takardar ba, sun bar mini wannan, kuma da na so da na yi shiru ya tafi yana sa mini albarka. Da ya shafa addu'a sai na gaya masa komai, da Inna, da gonar, da kunyar da na ji. Ya saurara bai katse ni ba.

"Ina anka aje jikkar?" ya tambaya.

Na ce saman ƙofa, a tsakar gida.

"Kullum kana ganinta?"

Na ce kullum.

Ya gyaɗa kai. Muka taka zuwa bakin hanya.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Attahiru, ba shi da yawa a ido. Babur ya ruɓe, gona an raba, mahautan da suka sa masa suna rabinsu sun bi shi. Abin da ya tsaya shi ne maganarsa. Ita ce ta riƙe mutum a ɗaki mai duhu shekara goma sha ɗaya bai zauce ba, kuma abin da ke hana ni sukuni, ita ce ta sa mu da ke waje muka naɗe hannu, don mun yarda da shi har ba mu ga bukatar dubawa ba. Alkawari kaya ne, mun sani, amma ba mu taɓa tunanin cewa idan mai ɗauke da shi ya faɗi, kayan na shiga gado kamar gona da riga ba. Mun raba komai nasa, wannan kaɗai muka bari a ƙusa. Duk mai karanta wannan da ke da jakar wani mamaci a rataye, ko akwati da ake jin nauyin buɗewa, ina roƙonsa ya buɗe yau, a gaban shaidu in yana tsoron bakin mutane. Bakin mutane bai kai ran mutum ba.

A tashar Jega muka rabu. Lauyan ƙasarsu ya kira 'yar a waya, Hamidu ya ga fuskarta, budurwa 'yar shekara goma sha shida, ya tambaya wace ce wannan. Da mota ta cika ya shiga, ya leƙo ta taga ya ce Allah ya jiƙan Malam, har sau uku. Na tsaya ina jira ko zai ce ya yafe mini. Ban roƙa ba, don ban ga bakin da zan roƙa da shi ba. Ya dube ni ya ce, "Sai wata rana," direba ya ja mota.